Gidan Mai Zane Ya Shiga Kasuwa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Saye da Gyara

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: tsofaffin gidajen ƙasa na masu sana'ar hannu, irin masu zanen bango, marina da dukawa, waɗanda magada ke sa wa a kasuwa haɗe da shagunan aikinsu. Injiniyan gini, maginin gargajiya da lauyan filaye ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini tallan gida a cikin birnin Zariya, na wani marigayi mai zanen bango da ya yi tashe a shekarun 1950. Yana da zaure biyu, soro mai ɗaurin guga, da shaguna uku a gaba inda yaransa suke aiki. Magada goma sha ɗaya ne, babban wansu ke ciniki. Me zan duba kafin in biya? *Ɗan kasuwa, Sabon Gari*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ajiye maganar bango tukuna, a fara da takarda. Gidan gado da ba a raba ba na magada ne duka, riƙe makulli kuma bai ba babban wa ikon sayarwa ba. Nemi ɗaya cikin biyu: takardar rabon gado daga kotun shari'a wadda ta nuna hannun wanda gidan ya faɗa, ko wakilci a rubuce mai sa hannun magadan nan goma sha ɗaya, har da matan da ke ɗakunan aurensu da wanda ya yi nisa yana Legas ko Saudiyya. In akwai maraya ƙarami a ciki, kasonsa ba ya sayuwa sai da izinin alƙali.

Kada a ce maka "sayi na mutum bakwai, sauran za su biyo baya" ka yarda. A fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗin da ka biya ya karɓe kason. Wanda yake gari, ya san da cinikin ya yi shiru, haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara. Wanda ba ya nan kuwa, nasa na jiransa har ya dawo. Kana iya gama rufi da yaɓe sannan a tayar da maganar.

Tambayi dattawan unguwa, ba dillali ba, ko marigayin ya taɓa yin waƙafin wani sashe. Sau da yawa zauren waje ya daɗe da zama makarantar allo ko wurin sallar unguwa, waƙafi kuma ba a sayar da shi. Haka masu zama a shagunan: haya suke biya, ko aro ne tun zamanin maigida? A rubuta matsayin kowa kafin kuɗi ya fita.

Ta ɓangaren gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya hana mayar da fili mai takardar gwamna hannun wani sai da amincewarsa. Yawancin gidajen cikin ganuwa ba su da wannan takarda, wato C of O, shaidar mai unguwa da hakimi ce kawai. Hakan bai hana ciniki ba, amma sa lauya ya bincika a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, in a Kano ne KANGIS, ko an taɓa jinginar da gidan, ko yana kan layin faɗaɗa titi. Kawo safiyo ya auna iyaka, domin a cikin birni bango ɗaya yakan raba gida biyu. Sannan a leƙa ofishin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a tabbatar gidan ba ya cikin waɗanda aka ayyana a matsayin wuraren tarihi na ƙasa, kamar Gidan Makama a Kano ko Gidan Madaki na Kafin Madaki a jihar Bauchi. Gidan da aka ayyana ba a canza masa kama sai da izinin hukumar.

Tambaya: Mahaifinmu marini ne, ya bar gida a cikin birni da rijiyoyin rini a bayansa. 'Yan'uwana sun ce gidan ya mutu, a sayar wa mai rushewa. Ni ina so in sayi kasonsu in gyara. Yaya ake gane gidan ƙasa mai gyaruwa? *Malamar makaranta, Kano*

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku. Lokacin duba gidan ƙasa watan Agusta ne, washegarin ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane gida lafiyayye ne.

Fara da gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa. Nan ne ciwon yake kama gidajen cikin birni, saboda titi yana hawa da ciko da kwalbati, gidan ya koma rami, ruwan lungu ya riƙa kwanciya a jikinsa. Laima tana hawa bangon da gishirin ƙasa, in ta bushe gishirin ya farfasa ƙasar ta koma gari. Za ki ga fari-fari a wurin, in kin shafa ya zubo. Ki tura doguwar ƙusa ki auna zurfin abin da ya ruɓe. In bai kai kwatan kaurin bangon ba, ciko ne. In ya kai kashi ɗaya cikin uku, kada kowa ya taɓa shi sai an tokare rufin ɗakin da katako.

Tsagewa iri-iri ce. Sirara masu kama da zare a jikin yaɓe ba komai ba ne. Abin tsoro ita ce wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya, ko wadda ta raba bango biyu a kusurwa, bakinta a buɗe ta sama. Ki liƙa ɗan gilashi a gicciye a kanta, ki rubuta kwanan wata a gefe, ki riƙa aunawa da rula duk wata har damina ta wuce. In gilashin ya fashe ko bakin ya ƙaru da milimita 2 zuwa 3, bangon yana kan tafiya, a nemo dalili kafin a toshe. A lura cewa bangon tubali dama mai faɗin gindi ne, yana tsukewa zuwa sama, don haka fuskarsa ta waje ta ɗan kwanta ciki daidai ne. Wanda ya sunkuyo waje shi ne mai magana.

Sai azara. Tsakiyarta da ake gani a ɗaki tana iya yin kyau alhali kanta da ke binne a bango gara ko laima ta cinye. A buɗe ƙasa kaɗan a kan uku ko huɗu a kowane ɗaki, a soka sukudireba. Mai lafiya ba ta karɓa. Azara ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kamar mita 1.8 ita kaɗai, shi ya sa magina ke fito da tauyi, wato gajerun azara masu tallafe ta, daga jikin bango don rage mata nisa. In kika ga wani ya taɓa sare tauyin don ya kafa silin, ki sa ɗakin a sahun farko.

A huda rufi a gefe guda a auna kaurin ƙasarsa. Wannan shi ne abin da mutane ke mantawa. Kowace shekara ana ɗora sabon yaɓe a kan tsoho ba a kankare ba. Ɗaki mai mita 3 sau 3, da ƙasa mai kaurin santimita 20, yana ɗauke da fiye da tan 3. In kaurin ya kai 40, ya haura tan 6, a bushe ma kenan, ballantana ya sha ruwa. Soraye da yawa da ke ruftawa da damina nauyi ne ya kashe su.

Bakan gizo da ɗaurin guga kuwa, wato bakunan da ke ɗauke da rufin soro, cikinsu azara ce hawa-hawa a ɗaure da igiya aka lulluɓe da ƙasa. Tsagewa a tsakiyar bakan, ko inda ƙafarsa ta baro bango, aikin gwani ne, ba na kowane birkila ba. In gindin bango da bakunan suna da rai, Malama, sauran duk mai gyaruwa ne, kuma mai rushewa kuɗin fili kawai zai biya ku.

Tambaya: Na sayi irin wannan gida. Birkilana ya ce a kafa wayar kaji da ƙusoshi a yi filastar siminti ciki da waje a huta da yaɓen shekara-shekara. Akwai matsala? *Ma'aikacin gwamnati, Katsina*

Amsa: Akwai, Malam, kuma wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita ta fuskarsa. Siminti yana toshe mafitar. Ba ya kuma miƙewa da tsukewa tare da ƙasa idan rana ta yi zafi dare ya yi sanyi, don haka yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, a ciki ƙasa ta zama kunu, ƙusoshin sun yi tsatsa, gara ta samu duhu da laima. Ƙwanƙwasa duk tsohuwar filasta a kan bangon ƙasa ka ji ƙarar holoƙo. Fentin mai da tayil ma haka suke yi.

Ga yadda aikin yake tafiya, kuma jerin yana da muhimmanci.

Ruwa ne farko. A gyara indararo, kowanne ya fito daga bango aƙalla santimita 50 zuwa 60, a liƙe wuyansa sosai domin nan ne yoyo ke farawa. Ruwan sama na milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 5,000 ne, ka ga ba ƙaramin aiki ba ne a kan indararo. Inda ruwan ke sauka a shimfiɗa dutse, a yi masa magudana zuwa kwata. Ƙasar da ke kewaye da bango ta gangara waje, santimita 5 a kowace mita.

Rufi ne na biyu. A tokare daga ciki, a kwashe ƙasar da ta yi yawa, a canza azarar da ta mutu ɗaya bayan ɗaya. A sayi ta giginya namiji, baƙa mai nauyi, daga ɓangaren bayan itacen. Mai fari-fari daga cikin ɓargo take, abincin gara ce. A shafa wa kawunan maganin gara a bar su su bushe kafin a binne. Sai asabari ko zana a kai, sai ƙasa, a yi mata gangare zuwa indararo yadda ruwa ba zai kwana ba. A ɗaga rawani da zankwaye da suka zaizaye, su ne ke kare kan bango.

Gindin bango na uku. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a isa mai tauri, a yi aikin gaɓa-gaɓa, kada a buɗe fiye da mita ɗaya a lokaci guda, kuma a tsallake gaɓa tsakanin wuraren da ake aiki. A yayyafa ruwa, a cike da tubali da kwaɓi irin na asalin ginin. Ƙasar da aka kankare daga gindi a zubar da ita nesa, cike take da gishiri. Wadda aka sauke daga rufi kuwa ana sake kwaɓa ta.

Yaɓe shi ne na ƙarshe. Kafin a sayi tifa goma ta ƙasa, a gwada. Zuba ƙasar zuwa sulusin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye. Yashi yana kwanciya cikin minti ɗaya, laka mai laushi bayan kamar awa, yumɓu sai ya kwana. Daga nan a yi yaɓen gwaji a jikin bangon, faci uku masu santimita 40 sau 40: ƙasa ɗaya yashi ɗaya, ƙasa ɗaya yashi biyu, ƙasa ɗaya yashi uku. Bayan kwana uku, wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba in an murza yashi ya yi yawa, na tsakiya shi ne naka. A kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a rufe a bar shi ya ruɓa kwanaki ana juyawa ana takawa. Kwaɓin yau a yaɓa yau ba ya riƙo. Kowane hawa kada ya wuce santimita 2, na farko ya bushe kafin na biyu.

Abin da ke korar ruwa na gargajiya yana nan. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a daka a jiƙa har ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi. Tana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu. Laso ya fi ta daɗewa nesa ba kusa ba: ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwanciya a ƙasan rijiyar rini, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. A rufi da rawani ake fi sa shi. Ciki kuwa farar ƙasa ce, a tsinka ta kamar madara, a shafa siriri sau uku zuwa biyar, kwana ɗaya tsakani.

A fara aiki da kaka, a gama kafin watan Mayu. In hunturu ya yi tsanani a rataya buhuna jiƙaƙƙu a gaban sabon yaɓe, domin bushewar gaggawa ita ke tsaga shi. Kuma a ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin a gefe, saboda abin da za a tarar in an buɗe rufi.

Tambaya: Zanen da ke fuskar zauren ya fara ɓallewa, akwai dagi, takobi da keke. In kankare in sa a yi sabo? *Mai sayar da yadi, Zariya*

Amsa: A'a, Alhaji. Wannan zanen shi ne ya bambanta gidanka da fili. Keke, agogo, mota da jirgi da masu zanen Zariya da Kano suka riƙa sakawa tsakanin dagi a tsakiyar ƙarni na 20 shaidar zamaninsu ne, sabo kuma ko ya fi kyau ba na marigayin ba ne.

Kafin komai a ɗauki hoto gaba-da-gaba da rula a jiki, da sassafe ko da yamma lokacin da inuwa ke fito da tudun zanen. A shimfiɗa farar leda mai nuna ciki a kwafe layukan da alƙalamin maka, girmansu na ainihi. Duk guntun da ya faɗo a sa masa lamba a ajiye a kwali. Inda zanen ya rabu da bango amma bai faɗo ba, a huda ƙaramin rami a samansa, a ɗura ruwa kaɗan da sirinji, a bi da tataccen kunun ƙasa, a danne da katako mai soso a jiki har ya kama. Inda ya ɓace gaba ɗaya a cike da yaɓe a ɗan kwantar da shi ƙasa da na asali, yadda mai kallo zai gane hannun marigayi da hannun mai gyara. In zanen na karce ne a kan siminti, irin na baya-bayan nan, shi kaɗai ne simintin da ba za a cire ba. A toshe tsagoginsa, a tabbatar ruwa ba ya shiga ta kansa.

Tambaya: Shagunan fa? Ina so in ba masu sana'a haya, in sa wuta da ruwa. *Mai tambaya, Kano*

Amsa: Shawara ce mai kyau, domin hayar shagunan ita za ta riƙa biyan kuɗin yaɓen shekara. Amma a zaɓi sana'a. Ɗinkin hannu, dukanci, saƙa, rubutun zayyana, ɗinkin hula, duk ba sa cutar da bango. Injin niƙa, injin yankan katako da janareta girgizarsu tana sassauta azara a mazauninta, a kai su rumfa ta daban a kan nasu daɓen. Maƙera tana son rufi mai mafitar hayaƙi, nesa da zana.

Wayar wuta ta bi ta cikin bututu a fuskar bango, kada a sassaƙe mata hanya, musamman a jikin baka. Bututun ruwa kada ya shiga bangon ƙasa ko kaɗan, yoyon ɗigo-ɗigo na wata uku ya isa ya kayar da shi. Banɗaki da wurin wanki a gina su da bulo a gefe, ba a jingine da tsohon bango ba, sokawe kuma ya nisanci gini kamar mita 5. Tankin lita 1,000 tan ɗaya ne, ƙafarsa ta ƙarfe za a yi masa, ba kan soro ba.

Rijiyoyin rini kada a cike su da shara. A yashe, a duba lason jikinsu, a yi wa kowace murfin katako mai ƙarfi saboda yara. Rinin baba da toka da kanwa, irin na Ƙofar Mata, yana ma samar da katsin gyaran rufi. In kuwa rinin zamani ne mai soda da sinadarai, ruwansa ba ya zuwa kusa da bango ko rijiyar sha.

Tambaya: Mun tarar da tsofaffin alluna, kayan aiki da wata riga mai aska a cikin akwati. Wani ya zo yana so ya saya ya kai Turai. *Magaji, Sakkwato*

Amsa: Dakata, Malam. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba kowa ke da izinin sayensu ba, ba a kuma fitar da su waje sai da takardar hukumar. Sannan kayan cikin akwati gado ne daban, ba sa bin gidan sai an ambace su a takardar ciniki. A lissafa su, a ɗauki hotonsu, a raba su da leda da laima.

Tambaya: Ni ɗan Agadas ne. Gidanmu na maƙeran azurfa yana cikin tsohon gari. Zan iya ɗora masa kwano in mayar da shi wurin baje kolin sana'a? *Ɗan sana'a, Agadas*

Amsa: Malam, tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, Nijar kuma tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Duk abin da zai canza fuskar gida ko kansa, kwano, bulo, ƙarin bene, sai ka fara zuwa wurin magajin gari da masu kula da tsohon garin. Ga kuma ruwan Agadas bai kai na Kano ko Zariya ba, rufin ƙasa mai indararo masu kyau ya wadatar, kwano zafi kawai zai ƙara maka.

Canza wa gini aiki ba tare da an kashe shi ba kuwa an yi, a nan Nijar ma. A Dandaji, jihar Tawa, an mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka kammala a 2018. Tsohon masallacin tsarin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986, kuma an nemo maginan da suka yi aikin farko aka sa su cikin gyaran. Kai ma ka fara da neman wanda ya saba yaɓen gidanku, ko yaransa. Zaure ya zama wurin baje kaya, maƙerar ta zauna inda take ana aiki baƙi suna gani, kantoci kuma a yi su tsayayyu a kan ƙafarsu, kada a kafa su a bango.